Kaset ɗin bikin Yaya

Yau Baba ya matsa sai na jona tsohon bidiyonmu na kaset, wai bikin Yaya yake son gani. Hoto sai rawa yake, sai da na goge kan na'urar da auduga da sifirit. Can sai ga marigayiya Kaka tana gyara ɗankwali tana hararar mai kyamara: "Kai yaro, kawar min da fitilar nan!" Baba ya fashe da dariya, ido cike da ƙwalla. Allah ya jiƙanta.

Tun 2016 kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera irin na'urar nan, ya daina. Zaren kaset kuwa ba ya shiri da danshin damina. Dole in nemi mai juya mana shi a kwamfuta, don ba mu da muryarta a wani wuri.