Mai bincike da kular ƙanƙara

Jiya na leƙa wata ƙawata, malamar jami'a a nan Kaduna. Na tarar da ita a ɗakin gwaje-gwaje tana kwashe samfuran jini daga firji zuwa kula, don tun safe babu wuta, janareta kuma ba mai. Ƙanƙarar ma daga albashinta ta saya. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Takardunta na ƙarin girma suna can ofis, shiru kake ji. Tun bayan yajin aikin wata 8 da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi a 2022 take ganin abokan aikinta suna ficewa ƙasashen waje. Tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, yana da amfani, amma yaushe za ta zauna bincike ga azuzuwa maƙil da ɗalibai? Don Allah a ɗauki ƙarin malamai, a rage mata darussa.