Robar ƙofa da ruwan damina: inda na kai da Land Cruiser 80

'Yan uwa masu koyon gyaran mota da hannunsu, ga inda aikin toshe yoyo ya tsaya. Motar Land Cruiser 80 ce ƙirar 1994, mai injin dizal 1HZ, irin wadda bayanta ke buɗewa gida biyu, rabi sama rabi ƙasa. Toyota ta fara wannan samfuri a 1990 ta tsayar da shi a Japan a 1997, ke nan yawancin waɗanda ke yawo a hannunmu robobinsu sun sha ranar kusan shekara talatin, in dai ba a taɓa canza su ba. Aikinta a wurina hanyar gona ne ta ɓangaren Haɗeja, burji da fadama. Damuwar biyu ce: da damina kafet yana jiƙewa a gaba da baya, da hunturu kuma ƙura tana shigowa ta baya har ta kwanta a kan kaya.

Kafin in sayi komai sai da na fitar da kujeru, na ɗaga kafet, na ciccire robobin da suka rufe ginshiƙai, har sai da ƙarfen ƙasan motar ya fito fili. Muddin kafet na ciki ba za ku san ta inda ruwa ke shigowa ba, domin inda ya taru daban, inda ya ɓullo daban. Yana iya shiga ta kusurwar gilashin gaba, ya bi waya, ya gangaro ginshiƙi, ya je ya kwanta ƙarƙashin kujerar baya, kai kuma kana can kana zargin ƙofar baya.

Gwajin tiyo mutum biyu yake so. Ni na zauna ciki da tocila, ƙanena yana waje da tiyon. Ruwan ba da ƙarfi ba, a bar shi ya riƙa zuba kamar na sama. Kuma daga ƙasa ake farawa: gindin ƙofa tukuna, a daɗe a wurin, sannan tsakiya, sannan bakin gilashi, rufi ne na ƙarshe. Wanda ya fara daga rufi ya jiƙa komai lokaci guda, ba zai iya bambance mai laifi ba. Na barbaɗa hoda a kan ƙarfen, saboda ɗigon farko yana barin sawu a cikinta, sai ka bi sawun zuwa sama. Da haka na gano wurare huɗu, kuma ɗaya ne kawai a cikinsu ya shafi robar ƙofar da nake zargi tun farko.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne cikin ƙofar kanta, kuma a nan zan ɗan daɗe, don na ga da yawa daga cikinmu suna kallon abin a baibai. Ba a ƙera ƙofar mota don ta hana ruwa shiga cikinta ba. Robar nan da ke shafar gilashi daga waje rage ruwan kawai take yi, saura yana bin gilashin ya sauka cikin ƙofa, ya fice ta 'yan ramukan da aka huda a gindinta. Kamar rufin soro ne da indararo: ba hana ruwa sauka ake yi ba, hanyar fita ake ba shi, ranar da indararo ya toshe kuwa ɗaki ne zai sha. Abin da ke tsare cikin mota daga wannan ruwa wata leda ce da aka manna a jikin ƙarfen ƙofar, a bayan murfin da hannun buɗewa yake. Bakin ledar na ƙasa ana cusa shi ne ta cikin ƙarfe, yadda duk ruwan da ya fantsamo mata zai zame ya koma cikin ƙofa.

Da na cire murfin ƙofar direba, babu ledar sam. Sai sawun baƙin gam da wayoyin sifika da wani ya ja a zamanin mai motar na farko. Ta ƙofar baya kuma an yage ta a tsakiya, da alama lokacin gyaran abin waina gilashi. Ramukan gindin ƙofofin duk sun toshe. Ƙurar hunturu ce ta taru shekara da shekaru, ruwa ya kwaɓa ta, rana ta gasa ta. Na sa waya na soka ramin farko na ƙofar baya, sai da na murɗa sosai kafin ta wuce, sai ga jan ruwa mai wari yana tsiyaya, da ɓarɓashin tsatsa da guntun gilashin da aka taɓa fasawa. Bayan na share su duka na ɗauko buta na zuba ruwa a jikin gilashi daga waje. Kafin in sunkuya ya fara zubowa ta ƙasa, tas, ta ramuka biyun. Wannan gwaji na buta ku riƙa yin sa duk farkon damina, ba ya cin ko sisi.

Sabuwar ledar mai kauri na yanka, irin ta masu gini, na manna da gam ɗin butil, wanda ke zuwa a naɗe kamar igiya kuma ba ya bushewa. Amfaninsa shi ne gobe in gyara ya taso za a ɗaye ledar a mayar ba tare da an yaga ba. Salatif ba ya wannan aiki, zafin Afrilu kaɗai ya isa ya sake shi.

Sai robar ƙofa. Gwajinta da takarda ne: a sa tsinken takarda tsakanin ƙofa da jikin mota, a rufe, a ja. Inda ta yi gardama roba na kamawa, inda ta zame salin-alin akwai kafa. Na zagaye kowace ƙofa ina sa alama da alli. Ƙofofi uku sun nuna 'yan wurare nan da can. Ta direba kuwa duk kusurwar sama ta baya a sake take, har haske kana gani.

Na kai wa wani dattijon fanabita da nufin ya sa mini sabuwar roba. Bai ko kalli robar ba. Ya buɗe ƙofar rabi, ya kama gindinta ya ɗaga, sai ta yi ƙwas ta motsa sama.

"Alhaji, ai ƙofar ce ta zauna. Ko robar kamfani ka sa, nan wurin ba zai kama ba."

"To Baba, a matsa ƙarfen makullin ciki mana."

"In ka matsa shi za ta rufu da ƙyar, ta cinye sabuwar robar, hinjin kuma yana nan yadda yake. A fara da hinji."

Gaskiyarsa. Ƙusar hinjin ta cinye, ƙofar ta sunkuya, kuma motar da ta yi rayuwarta a kan burji mai gargada dole hinjin ƙofar direba ya riga saura gajiya. Aka gyara shi, aka daidaita ƙarfen da makulli ke kamawa har layin ƙofa ya yi daidai da na jikin mota, sannan aka zo kan roba. Wannan jeri ku riƙe shi: hinji, makulli, sannan roba.

A kan sayen robar, araha ba ta ado. Ta asali da wani nau'in roba mai suna EPDM ake yin ta, mai jure rana da ruwa, cikinta kuma rami ne, shi ya sa take lotsawa ta dawo. Akwai wadda ake sayarwa a mita, baƙa mai sheƙi, da ka matsa ta da yatsa za ka ji ta da tauri, sawun farce kuma ya zauna a jikinta. Wannan kafin damina biyu ta daskare. Ta 80 tana zuwa da kusurwoyinta a ƙere da 'yan maɓallan roba da ke shiga ramukan jikin ƙofa, saboda haka babu buƙatar a bi ta da gam ko'ina, ɗan kaɗan a kusurwa ya wadatar. Na shanya ta a rana ta yi laushi, na fara daga kusurwar sama, ban ja ta ba. Robar da aka ja wajen sawa za ta koma tsawonta daga baya ta bar giɓi. Makonnin farko ƙofar sai an ɗan buga take rufuwa. Kada wannan ya sa ku sassauta makulli, da kanta za ta kwanta.

Sauran ƙofofi ukun ban canza musu ba, kuɗin bai kai ba. Dabarar da na yi ita ce zura siririn tiyon silikon mai laushi a cikin ramin tsohuwar robar, da ruwan sabulu don ya zame, a wuraren da alli ya nuna kawai. Ta kumburo, takarda ta fara gardama. Maganin wucin gadi ne, ban ce ya wuce haka ba, kuma in robar ta tsage ba ya aiki.

Wata magana a gefe. EPDM ba ta shiri da man fetur da danginsa. Baƙin mai, giris na bakanike, man shafawa na basilin, duk suna kumbura ta su lalata ta, ko da yake ranar farko za ta yi ƙyalli ta burge. Man birki ba ya cin ta, amma yana cin fentin da ke kusa. Ruwa da sabulu, sannan giris na silikon ɗan kaɗan a tsumma, shi ke nan.

Silikon ɗin banɗaki kuwa, wanda ake matsawa a bakin tayil, ku nisanta shi da ƙarfen mota. Warin tsamin nan da yake yi lokacin bushewa asid ne, yana tayar da tsatsa a ƙarƙashinsa, fenti kuma ba ya kama shi. Na tarar an lafta shi a ƙarshen magudanar rufi ta baya, inda gam ɗin kamfani ya tsattsage, kuma nan ne wuri na uku da ruwa ke shiga. Da na kankare, ƙarfen ƙasansa ya yi ja. Na goge da burushin waya, na shafa maganin tsatsa, na sa fentin farko, sannan na bi da gam ɗin foliyuretan irin Sikaflex 221, wanda ake iya fentawa a kai. Wuri na huɗu ƙaramin abu ne: robar da wayoyi ke ratsawa daga ɗakin inji, an huda ta don wayar ƙararrawa an bar ta a buɗe. Yayin da nake wurin na busa tiyon da ruwan esi ke fita, don shi ma in ya toshe ƙafar mai zaman gaba yake jiƙawa, a ɗora wa damina laifi.

Ƙasan motar bai ba ni wahala ba. Abin da ke ƙarƙashin kafet wani matsattsen tsumma ne mai shan ruwa, yana iya yin makonni bai bushe ba, shi ne tushen warin da tsatsar. Na zubar da shi, na shimfiɗa soso mai rufaffen ƙwaya wanda ruwa ba ya shiga, na ɗora tabarmar roba da ake iya ɗagawa. Wani ya ba ni shawarar in lulluɓe ƙasan da abin like rufin kwano mai kwalta. Ban yi ba. Garin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, motar da ta wuni a rana a rufe, warin kwalta ne zai kore ka. Su kuma toshe-toshen roba da ke ƙasan motar na saya sabbi na mayar ba tare da gam ba, don ranar da ruwa ya shiga da gaske, su za a cire ya tsiyaye.

Ƙura lissafinta daban. Mota mai siffar akwati in tana gudu iska tana yin rauni a bayanta, ƙurar da tayoyi suka tayar ta riƙa juyawa a wurin. In ka sauke gilashin gaba kaɗan, ko ka kulle iskar waje, cikin motar sai ya riƙa zuƙo wannan ƙura ta kowace kafa ta ƙofar baya. Ba ƙura kaɗai ba, har hayaƙin salansa, wanda shi ne abin tsoron. Na canza robar bayan, na daidaita makullan rabin sama da na ƙasa. A kan burji kuma yanzu gilasai a rufe, fanka a sama, an saita ta kan iskar waje, yadda iskar ciki za ta riƙa turawa waje. Akwai kafofin da kamfani ya bari a baya don iska ta fita. Kada a like su. In an like, ƙofa ba za ta rufu da daɗi ba, gilashi kuma zai riƙa yin gumi.

Duk wannan aiki na ruwan sama ne da fantsamar kududdufi, bai mayar da motar jirgin ruwa ba. Ko Hilux na zamani da Land Cruiser 200, zurfin da Toyota ta yarda a shiga milimita 700 ne. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ya kai kimanin santimita 60 yana iya tafiya da manyan motoci irin namu. Motar da aka toshe sosai ma ta fi saurin tasowa sama, tayoyi su saki ƙasa. Rafin da ya ciko bayan ruwan dare, a jira shi ya faɗa.

Markar Agusta ta wuce a kanta. Baya a bushe, gefen mai zaman gaba a bushe. Saura danshi kaɗan a kusurwar ƙasa ta gilashin gaba, ɓangaren direba, wanda bai fito a gwajin tiyo ba sai da aka yi ruwa mai iska. Gilashin 80 a cikin roba yake zaune, kuma ina zargin akwai tsatsa a bakin ƙarfen da robar ta rufe. Matsa gam daga waje ɓoye ta kawai zai yi. Sai ruwa ya ɗauke za a cire gilashin gaba ɗaya, a gyara bakin, a sa sabuwar roba. Wanda ya taɓa mayar da na irin wannan mota da igiya bai fasa ba, ina son jin kaurin igiyar da ya yi amfani da ita da kusurwar da ya fara.