Daga kurciyar tsakar gida zuwa gaɓar Kubanni

'Yata ce silar shigata kallon tsuntsaye, yau shekara uku ke nan. Wata safiya an shanya dawa a tsakar gidanmu a Samarun Zariya, kurciyoyi suka sauko suna tsinta. Ta ce, "Baba, me ya sa wannan take da baƙin zane a ƙeya, waccan ba ta da shi?" Har na buɗe baki zan ce mata ai kurciya kurciya ce, sai na tsaya na duba. Gaskiyarta. Tun ina yaro nake ganinsu, amma ban taɓa zura musu ido ba sai ranar.

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni ta ina zai fara, nakan ce ya fara da kurciya, tun kafin ya sayi komai. Akwai 'yar ƙaramar nan da ta fi sabo da mutane: ƙirjinta ja-ja ne da ɗigo-ɗigon baƙi a gaban wuya, gefen fiffikenta ruwan toka mai shuɗi, kukanta kamar mai dariya ƙasa-ƙasa. Ita ba ta da zane a ƙeya. Mai zanen dabam ce, ta fi son bishiyoyin gona, kuma ko da tsakar rana ba ta gajiya da maimaita kuka ɗaya. Hasbiya ta fi su girma, da jar fata kewaye da ido da fararen ɗigo a fiffike, za ka same ta kan rufin bene ko kan giginya. Sai bardo, siriri mai doguwar wutsiya, namijin baƙi ne daga fuska har ƙirji. Ranar da ka iya raba waɗannan huɗu ba tare da shakka ba, idonka ya buɗe.

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne fara duba launi. Launi yana yaudara, musamman da hazo ko in rana tana bayan tsuntsu. Yanzu girma nake fara aunawa: ya kai kurciya, ko ya kai hankaka? Sai baki: gajere mai kauri na cin hatsi ne, siriri na kama ƙwari, ko lanƙwasasshe? Sai wutsiya, da inda na gan shi, da abin da yake yi. Ina rubuta duk wannan a ɗan littafina kafin in buɗe littafin hotuna ko manhajar waya, don in ka riga ka ga hoto, zuciyarka za ta ce maka shi ka gani ko da ba shi ba ne. Lokaci kuwa, daga idar da sallar Asuba zuwa ƙarfe tara babu kamarsa, sai kuma bayan La'asar.

Tsuntsun da ya sace mini zuciya a wata gaɓar rafi da ruwa ya zaizaye na same shi, ta wajen Kubanni. Kore ne shar, maƙogwaro ja kamar garwashi, baƙin zane ya ratsa ido, ƙarƙashin wutsiya shuɗi. Na zauna kan wani dutse kusan awa guda ina kallo. Yakan tashi daga reshe ya cafke ƙudan zuma a iska, ya dawo reshen nan dai, ya buga shi, ya goga gindinsa a jikin itace har sai dafin ya fita, sannan ya haɗiye. Gaɓar duk ramuka ce jere-jere. Da baki da ƙafa suke haƙa su a ƙarshen damina tun ƙasa tana da laushi, zurfin kusan kamu biyu, amma sai rani ya shiga suke yin ƙwai.

Daga baya na karanta cewa wani Bature masanin tsuntsaye, Hilary Fry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960, a nan kewayen Zariya ya yi nazarin wannan tsuntsu. Yana cikin waɗanda suka nuna cewa ba uwa da uba kaɗai ke ciyar da 'ya'ya ba, akwai 'yan uwa da ke taya su kawo abinci. Zumunci ke nan a cikin ramin gaɓa. Abin ya taɓa ni ƙwarai: malaman duniya sun san wannan tsuntsu ta hanyar garinmu, mu kuma muna wuce shi a kan babur.

Shekara ma tsuntsaye suna karanta maka ita. Kakata in ta ga shamuwa ta sauka kan tsamiya, sai ta ce a gyara rufin soro, ruwa ya kusa. Ba ta yi kuskure ba, don shamuwa a nan take sheƙa da damina, in kaka ta yi ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Ɗan tsuntsun nan ja da baƙi da ke kumbura a kan karan dawa a watan Agusta, da rani yana nan bai je ko'ina ba, gashi ya sake ya koma ruwan ƙasa kamar matarsa. Da hunturu kuma baƙi ke zuwa daga Turai. A fadamar Galma, a tsakanin ƙafafun shanu, kusa da belbela ci-da-motsin-wani, za ka ga wani ɗan siriri mai rawayan ciki yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa. Nauyinsa bai kai giram 20 ba, amma Sahara ya ƙetaro.

Madubin hangen nesa sai da na shekara na saya, na gwanjo, mai lamba 8x42, wato mai ƙara girman abu sau takwas. Ya isa. Sai dai a riƙe shi da hankali a wannan zamani na rashin tsaro. Wata rana ta wajen Kufena wani dattijo ya tare ni, fuska ba walwala, ya ce, "Malam, me ake leƙe?" Na gaishe shi, na ce, "Baba, cilakowa nake kallo," na miƙa masa madubin. Da ya gan ta kamar a tafin hannunsa, sai ya ce "Ikon Allah!" Ƙarshenta shi ya nuna mini kukar da mujiya ke kwana. Tun daga ranar ba na shiga gonar kowa sai na yi sallama na faɗi abin da ya kawo ni, kuma ba na juya madubi wajen gidajen mutane.

Akwai abin da ke damuna, ba zan ɓoye ba. Muna yara ungulu cika mahauta take yi, har korarta ake. A cikin shekara ukun nan sau biyu kacal na rubuta ta a littafina. Tun 2015 aka sa irin tamu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba da kuma masu sayen sassan jikinta don tsibbu. Gauraka kuwa, da ake ce mata tsuntsuwar ƙasa, 'yata a hoto kawai ta san ta. Nijeriya tana da tsuntsaye fiye da iri 900, kuma cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tattara rahoton masu kallo irinmu don a san abin da ya rage da inda yake. Bana na fara aika nawa.

Littafin yanzu a hannun 'yata yake, ita ke rubutu ni ina faɗa. Mun kai iri 74. Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma gaɓar nan mu ga ko masu jan maƙogwaro sun fara kai abinci rami.