Asabar a Huddersfield, Ingila: ƙayar da na hana a sare

Da sassafe ina wanke kofunan shayi na hango Maigida ta taga, ya nufi ƙarshen lambu, inda na shuka tizil, wani dogon tsiro mai ƙaya, riƙe da almakashin yanke reshe. Hannuna da kumfa na fita.

"Haba Alhaji, me tizil ɗina ya yi maka?"

"Ai ya mutu, Hajiya. Ƙaya ce kawai a tsaye, jiya ma sai da ta kama mini wando."

Gaskiyarsa, ya mutu. Shekara 2 ce duk rayuwarsa. Bara ganye kaɗai ya shimfiɗa a ƙasa kamar faifai, ba kara ba fure, har na fara zargin ciyawa tsohuwar maƙwabciyarmu ta ba ni da sunan iri. Bana kuwa ya miƙe ya kere ni, ya kusa mita 2. A watan Yuli furen ya fito, shunayya mai haske, ya fara kamar ɗamara a tsakiyar kan, sannan ya rabu biyu, zobe ɗaya na hawa, ɗaya na sauka. Ƙudan zuma ba su bar shi ya huta ba. Inda ganye biyu suka haɗu a jikin kara kuma ruwan sama kan taru kamar a ƙoƙo, autana kullum sai ya leƙa ya ƙirga ƙwarin da suka nutse.

Tsohuwar ta ce mahaifinta a masaƙar ulu ya yi aiki a nan garin, kuma da busassun kawunan tizil ake taje yadi gashinsa ya tashi ya yi laushi. Daga Somaset, a kudu maso yammacin Ingila, ake kawo su. Wancan mai lanƙwasassar ƙaya ne, nawa na daji ne, ƙayarsa a miƙe.

Maigida dai yana da hujja, don irin zubewa yake ya tsiro ko'ina, a wasu jihohin Amurka ma muguwar ciyawa ake ɗaukarsa. Muka shirya a kan ya sare biyu na bakin hanya, ya bar mini uku saboda tsuntsaye.

Bayan la'asar sai ga su, ƙanana masu jar fuska da ratsin rawaya a fiffike, su huɗu, suna zura siririn baki cikin ƙayar suna zaro iri. Wanda ya fito da almakashi da safe shi ne ya tsaya a taga yana ɗaukar hoto, har shayinsa ya huce.

Kawunan da ya sare na zuba su a tulun falo. Ƙaya ɗaya tana nan a babban yatsana, allura ta kasa fito da ita.