Daga Dublin zuwa Belfast, kan iyakar da ba a gani

Bas na hau daga Dublin, babban birnin ƙasar Ireland da ke kudancin tsibirin Ireland, zuwa Belfast ta Ireland ta Arewa, wadda ke ƙarƙashin Birtaniya, wallahi ba don wanda na zauna kusa da shi ya taɓo ni ba da ban san mun shiga wata ƙasa ba. Tsakanin Dundalk da Newry ba shinge ba kwastan, allunan hanya ne kawai suka koma mil maimakon kilomita, kuɗi kuma daga yuro ya koma fam. Iyakar nan tun 1921 aka shata ta, an zubar da jini a kanta har sai da aka yi yarjejeniyar zaman lafiya ta Good Friday a 1998, shingen iyakar ne kuma mutane suka ji tsoron dawowarsa da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai.

A Belfast wani mai tasi ya kai ni Falls Road, unguwar Katolika, da Shankill, ta Furotesta, katangar da ta raba Katolika da Furotesta tana nan, har yau ana rufe ƙofofinta da dare, abin ya taɓa ni sosai. Mai tasin ɗan gidan Furotesta ne, waɗanda yawancinsu ke son zama da Birtaniya, ya ce da can ko sauraron maganar haɗewa da kudu ba ya yi, amma a 2016 kusan kashi 56 na mutanen arewa suka zaɓi a zauna a Tarayyar, aka ja su waje dole, yanzu har fasfon Ireland ya yi saboda 'ya'yansa. Ga shi tun 2017 Tarayyar ta ce in tsibirin ya haɗe to arewa ta shigo kai tsaye.

Bayan ficewar, binciken kaya ma tashoshin ruwan arewa irin su Larne aka mayar da shi maimakon kan iyakar, jam'iyyar DUP mai son zama da Birtaniya ta fusata ta ƙaurace wa gwamnatin yankin da ke Stormont shekara biyu, jam'iyyar Sinn Féin mai son haɗewa da kudu ta zo ta ɗaya a zaɓen 2022, 'yarta Michelle O'Neill ta zama Ministar Farko, wato jagorar gwamnatin yankin, a 2024.

Sai dai kar a yi gaggawa fa, masu son zama da Birtaniya su ne a gaba har yanzu a ƙuri'un jin ra'ayi, kuma sakataren Birtaniya mai kula da yankin ne kaɗai zai kira ƙuri'ar raba gardama kan haɗewa. Ni a ganina irin mai tasin nan ne za su yanke hukunci, shi kuwa damuwarsa asibiti ce, a arewa kyauta yake ganin likita, a kudu da yawa sai sun biya.