Alhamis: sugan Inna da wayata

Da asuba, kafin Inna ta sa komai a baki, na soki gefen yatsarta na ɗiga jinin a kan tsinken gwaji. Na'urar awon suga ta nuna 198. Na shigar a manhajar da ƙanena ya saka mini ran Sallah, sai ta ƙi karɓa, wai lambar ta wuce hankali. Gabana ya faɗi. Sai can na gane ma'aunin ne ya sha bamban: na'urarmu da mg/dL take ƙirga, manhajar kuwa an bar ta a kan mmol/L. Na raba da 18, ya ba ni 11. Duk da haka sugan ya hau, don likita ya ce da safe yana son ganinsa tsakanin 80 da 130 a ma'aunin na'urarmu.

A garinmu sabis ba ya kamawa sai a gindin tsamiyar bayan firamare. Can na je na tura wa likitanta na Dutse hoton ta WhatsApp. Bayan azahar ya amso da murya, tambaya ɗaya tak: me ta ci daren jiya?

Na dawo na ce, "Inna, me kika ci a gidan suna?"

Ta kau da kai. "Kai wannan yaro, fura ce ludayi biyu."

Gwaggo tana tankaɗe ta ce, "Ludayin dai babba ne, kuma har da suga."

Nan manhajar take ba ni haushi. Ta san burodi, ta san taliya, amma ka rubuta fura ko ɗanwake ko tuwon dawa, sai ta yi shiru. Kuma giram take tambaya, mu da malmala muke awo. Wanda ya ƙera ta bai taɓa zama gaban akushi ba. Abin da na yarda da shi a jikinta ƙararrawar shan metfomin, maganin suga, ce, wadda Inna ta laƙaba wa ladanin magani.

Likita ya ce kada a taɓa maganin, a rage tuwon dare, a ƙara miyar ganye, in turo awon safiya uku a jere. Kuɗin motar Dutse ya huta.

Tsinke tara ya rage a kwalba. Wayar tana wurin mai caji, na ce kada ta wuce magariba, saboda ladanin Inna.