Darussan da na koya kan maganin ƙarin jini

Kuskuren da ya fi ciwo a wannan aiki na asibiti shi ne ƙara ƙwaya idan jini ya ƙi hawa. Mara lafiya ya yi wata guda yana shan maganin ƙarin jini, awo ya dawo jiya i yau, sai babban likita ya zo zagayen duba marasa lafiya ya ce a mayar da shi sau uku a rana, har a rubuta a kati wai ba ya shan magani. An ɗora wa mutum laifi, alhali hanjinsa ne ba a fahimta ba.

Jiki ba shi da hanyar zubar da sinadarin ƙarfe, wanda shi ne ke cikin maganin ƙarin jini, idan ya yi masa yawa, shi ya sa yake tsaro a bakin shiga. Cikin miligiram 10 zuwa 20 da ke abincin yini, 1 zuwa 2 kaɗai ke kaiwa jini, galibi ta farkon ƙaramin hanji. Ƙwayoyin bangon hanjin suna ɗauka, amma ba ya ƙetarawa cikin jini sai ta kafa guda mai suna feropotin. Makullin yana hannun hanta, wato wani sinadari da take fitarwa mai suna hepsidin. Da ya yi yawa sai ya lalata kafar, ƙarfen ya maƙale, bayan 'yan kwanaki ƙwayoyin bangon hanjin su saɓule su bi bayan gida da shi.

Ƙwayar maganin ƙarin jini ta feros salfet mai miligiram 200 tana ɗauke da ƙarfe kusan 65, kuma wannan ya isa ya ɗaga hepsidin na kimanin awa 24. Ta rana da ta dare a rufe suke tarar da ƙofar. Abin da suke ƙarawa ciwon ciki ne da tashin zuciya da taurin bayan gida, daga nan kuwa mutum ya ajiye maganin da gaske. Guda da safe kafin a ci komai, ko ma a riƙa tsallake rana, ya fi shiga jiki. Yara 'yan koyo sun san haka, ba su dai da bakin faɗa a zagaye.

Kumburi ma yana ɗaga hepsidin: tarin fuka, amosanin gaɓɓai, haka ciwon ƙoda mai daɗewa. A nan feritin, awon ma'ajiyar ƙarfe a jiki, kan hau ya yaudari mai karanta sakamako, don haka a haɗa shi da CRP, awon da ke nuna kumburi. Irin waɗannan sau da yawa sai an ba su ƙarfen ta jijiya.

A raba ƙwayar da shayi, kalsiyam da maganin olsa. Baƙin bayan gida daga maganin ne. Jini ya daidaita, a ci gaba wata uku don cike ma'ajiya. Namiji baligi ko macen da ta daina al'ada kuwa, a nemo inda jinin ke zuba tukuna.